Mangala a Bayan Babur

Ni na karya wa yayana ƙafa. Babur na ture masa a tsakar gidanmu a Furfuri, da hantsi, lokacin kaka. Bayan kwana goma aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mutanen gari suka ce tsautsayi ne, ni kuwa na bar su a haka.

Mu 'yan jakuna ne. Da jakuna ubanmu ya ciyar da mu, ya rasu ya bar mana huɗu. Muna ɗaukar hatsi daga ƙauyukan Bungudu mu kai kasuwar Gusau, mu dawo da gishiri da kanwa da kananzir. Lodin jaki aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ɗaga mangala daga hagu ya wurga ta bisa bayan jaki, ɗaya yana tsaye a dama ya tara kafaɗa, ya tallafe kayan har su daidaita a ɗaure. Tun ina ƙarami ni ne na dama. Yayana ke ɗagawa, shi ke ɗaure igiya, shi ke cewa a tafi. Ya ba ni shekara goma sha biyu. Ban taɓa ce masa a'a ba.

Shekarun fari suka kashe mana jakuna uku. Na ga jaki yana cin tsohuwar tabarma. Na bar gida na yi kudu, na yi dako, na kwana a tasha, na yi ciwon da aka fid da rai da ni. Ban mutu ba. Da na dawo na tarar da yayana ya riƙe Inna da matarsa da 'ya'yansa uku da jaki ɗaya da gona. Bai ce mini ina ka shiga ba. Ya ce a kawo mini ruwa.

Da damina ta dawo daidai, ya sayar da jakin da sa ɗaya da ya rage masa, ya ce mu sayi babur. A lokacin ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba, babura sun fara yawa a hanyar Gusau. Na ce shi zai hau. Ya ce a'a.

"Ni na saba da tafiya ƙasa. Kai ka ga gari, kai za ka hau."

A wurin wani tsohon makanike kusa da tashar Gusau muka samu, na hannu, mai jan tanki. Yayana ya koma gida da wuri saboda gona, ya bar ni in koyi abin da zan koya. Tuƙi bai ba ni wuya ba, na taɓa hawan keke. Da na ce zan tafi, tsohon ya ce in dakata.

Ya kafe babur ɗin a kan sitan, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke ƙarƙashin cikinsa, har tayar baya ta bar ƙasa. Ya ce in sauke shi. Na kama kai na tura da ƙarfina. Babur ya yi tsalle gaba, ya karkata dama, ya ja ni. Ba don tsohon ya cafke kariyar baya ba, da mun kwanta ni da shi. Direbobi da 'yan kamasho da ke zaune a benci suka fashe da dariya.

"Kai ɗan jakuna," in ji tsohon, "jaki in ka tura shi turjewa yake. Wanga ba ya turjewa. Tafiya zai yi, ko kana biye ko ba ka biye."

Wani daga benci ya ce, "Baba, sa mai akumari, sai ya gane shi."

Suka sake dariya. Na ji zafin abin.

Tsohon ya nuna mini. Ka kashe inji. Ka tsaya a hagu. Ka dubi ƙasa, in akwai gangare ko laka kada ka fara. Ka miƙe kan babur. Yatsu biyu a kan birki. Ka manna ƙugunka a jikinsa. Ka tura a hankali, yana sauka ka matse birki, ka jawo shi ya kwanto jikinka. Ya sa na yi ta yi har riga ta jiƙe.

"Saura biyu," in ji shi. "Kada ka sauke shi da kaya a kai. Sauke shi wayam, ka hau, ka kafa ƙafafu, sannan a aza maka. Na biyu, kada ka bar ɗan Adam tsaye a dama. Can yake hwaɗuwa, can salansa take. Ka ji, ko in aika ma jakinka ya hwaɗa maka?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Na ji ɗin. Ba zan ce ban ji ba.

Da na isa gida ban faɗa wa yayana ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na nuna masa hon da fitila. Ban so ya san an yi mini dariya a tasha.

Wata uku ina ɗaukar ƙananan kaya, ba abin da ya faru. Sai kaka ta zo, gero ya yi kyau a karon farko cikin shekaru. Ran nan na yi sammako na kai wani mutum Gusau na dawo. Na shigo da babur tsakar gida, na kafe shi a inuwar rumbu. Wurin yana gangarawa zuwa rariya, kuma matar yayana ta zubar da ruwan wanke-wanke a nan. Na gani. Inuwa nake so.

Ni da ita akwai wasa, irin na mace da ƙanen miji. Tun ranar da aka kawo ta gidan ba ta taɓa barina na wuce lafiya ba.

"Ga direban jirgi ya sauka," in ji ta daga bakin murhu. "Mijin wahala, yau ma hannu rabbana? Ko ƙosan kwabo ba ka riƙo mani ba?"

"Tuwonki na jiya ne har yanzu ke tsaye mani a wuya. Ƙosan mi?"

"Kwano biyu ka share kana kuka. Je ka, ga kunu can, sha ka ƙara zagina."

Na shiga ɗakin Inna na gaishe ta, na zauna na sha kunu. Da na fito na tarar yayana ya gama lodi. Tsohuwar mangalarmu ta jaki ya cika da gero ya wurga bisa kariya, gefe ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Ya ɗora rabin buhu a sama. Ya ɗaure da igiyar jaki, irin ƙullin da ubanmu ya koya masa. Babur yana kan sitan. Lodin ya yi kyau, a ce jaki ne.

Ya zagaya dama, ya tattare rigarsa, ya sa kafaɗa a jikin mangala.

"Tura, na tare."

Tunda nake ban taɓa ganinsa a wannan gefe ba. Wurina ne. Ya ba ni nasa, ya ɗauki nawa, bai ko yi tunani ba.

Na san abin da ya kamata in ce. Yaya, fito daga nan. A kwance kayan, in sauke shi, in hau, sannan a aza. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa kunya ce ta hana ni, wai ƙane ba ya gyara wa wansa aiki a gaban matarsa. Akwai wannan. Amma ba shi ke nan ba. Na ji daɗin ganinsa a dama yana jiran in ce a tafi. Kuma matarsa tana kallo, ludayi a hannu, tana shirin wata maganar. In na ce a kwance kaya, za ta ce direban jirgi ya ji tsoron gero. Ban so a sake yi mini dariya a kan babur ɗin nan.

Na kama kai. Na tura, bai motsa ba, nauyi ya danne shi. Na ja baya na tura da dukan ƙarfina, yatsuna ba sa kan birki.

Ya sauka da tsalle. Tayar baya ta dira cikin laka ta zame. Geron ya rinjaya dama gaba ɗaya. Jaki da ya ji kaya sun karkata yakan gyara tsayuwa ya taimake ka. Wannan bai gyara komai ba. Kan babur ya fizge daga hannuna. Na ji ƙara kamar an taka busasshen kara.

Yayana yana ƙasa, babur da gero a kan ƙafarsa ta hagu. Bai yi ihu ba, salati yake. Na kama babur in ɗaga, na kasa, mangala ta riƙe shi. Na koma kan igiya, ƙullin ya ƙi. Ƙulli ne mai kyau. Sai na ji ƙaurin nama. Salansar da na taho da ita da zafi tun daga Gusau tana kwance a kan sha-raɓarsa. Matarsa ce ta zo da wuƙar yanka kuɓewa ta datse igiyar. Muka janye mangala, na ɗaga babur na jefar da shi gefe.

Maƙwabta suka cika gida. Aka tambayi yadda aka yi. Kafin in buɗe baki yayana ya ce, "Santsi ya kwashe ni." Kowa ya dubi lakar, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Matarsa ta dubi lakar ita ma. Ita ta zubar da ruwan. Na ga fuskarta, na bar ta a haka.

Wani dattijo ya ce a kai shi asibitin Gusau. Ni na ce a'a. Na ce akwai mai ɗori a wajen Tsafe, ta hanyar 'Yankuzo, wanda duk direbobi ke yabo. Gaskiya ne, akwai shi, kuma ya iya aikinsa. Amma ba don haka na zaɓe shi ba. In aka kwantar da yayana a Gusau, kafin la'asar labari ya kai tasha. Tsohon makanike zai ji. Na san tambayar da zai yi mini a gaban 'yan benci.

Inna ta ce, "Kai ka san gari. Yi abin da ka gani."

Na tare wata a-kori-kura a bakin titi. Muka shimfiɗa tabarma a baya muka kwantar da shi, na zauna na riƙe kansa. Daga Furfuri zuwa Tsafe sai an ratsa Gusau. Da muka kai mararrabar da ake juyawa zuwa asibiti, direba ya rage gudu, ya leƙo da kai.

"Malam, nan ko gaba?"

Na ce, "Gaba."

Mai ɗorin tsoho ne, marar yawan magana. Ya sa mutum biyu suka danne yayana, ya ja ƙafar, ƙashi ya koma. Ya jera kara ya ɗaure, ya bar wurin ƙunar a buɗe gwargwadon yadda zai iya. Yayana ya yi laushi, idonsa a rufe. Tsohon ya yafito ni bakin ƙofar ɗakin.

"Ƙashi nawa ne, na gyara shi. Wagga ƙuna ba tawa ba ce. Ta yi zurfi, kuma ta kusa da karayar. Kada ka kai shi gida. Ka tsaya da shi Gusau ga likita, yau ɗin nan."

Na ce to.

Da la'asar muka sake ratsa Gusau. Wannan direban bai tambaye ni ba, ni ma ban ce ya tsaya ba. Na gaya wa kaina ƙuna ce kawai, ta murhu ma tana warkewa. A gida na ce mai ɗori ya ce a bar shi ya huta, a riƙa shafa man shanu.

Kwana uku ba komai. Yana cin abinci, yana tambayar ko an kwashe geron da ya zube. A na biyar zazzaɓi ya kama shi. A na shida ɗakin ya fara wari. Matarsa ta riƙa kunna turaren wuta, tana zaune da mafici tana korar ƙuda. Ni kullum sai in fita da babur tun da safe, in ce neman abinci. Ina wuce ƙofar asibitin sau biyu a rana. Kowace rana ina cewa gobe in bai yi sauƙi ba zan kawo shi.

A na tara ina fitar da babur matarsa ta tare ni a zaure. Ba ludayi a hannunta, ba murmushi.

"Malam, ka samo mota."

Ba ta taɓa ce mini Malam ba. Na jingine babur na tafi neman mota.

A asibiti da aka kwance karan, ma'aikacin da ke riƙe da almakashi ya kau da kai. Likita ya tambaya ta bakin tafinta, kwana nawa ke nan. Na ce tara. Ya ce me ya hana a kawo shi tun ranar. Na ce ba mu sani ba. Washegari suka yanke.

Yana kwance a can sai da na shiga tasha neman bututun mai. Ba yadda zan yi in kauce wa rumfar tsohon makanike. Yana tsugune yana wanke wani ƙarfe a cikin kwano. Ya riga ya ji. Ya yi mini jaje yadda ake yi. Sannan ya ɗago kai.

"Wa ke tsaye a dama?"

Ya dube ni kaɗan, ya mai da kansa kan kwanonsa. 'Yan benci ba wanda ya yi dariya, ba wanda ma ya kula. Abin da na guda ke nan har na ratsa Gusau sau biyu da mutum a kwance. Tambaya ɗaya, ba ta kai tsawon kurɓar ruwa ba.

Yayana ya dawo gida da sanduna biyu. Mutumin da ya taka daga Bungudu zuwa Gusau fiye da yadda zan iya tunawa, ya koma zaman zaure. Ya kama tufkar igiya da saƙar mangala yana sayarwa. Ni na ɗauki gonarsa na haɗa da tawa. Ban sayar da babur ba, gida yana buƙatar abinci. Na hau shi shekaru, na hau wasu bayansa. Ban sake sauke babur da kaya a kai ba. In mutum ya tsaya mini a dama, ko hakimi ne sai ya matsa. Har na yi suna da faɗa a kan wannan. Ba wanda ya san dalili.

Matarsa ba ta sake zubar da ruwa a tsakar gida ba. Takan ɗauki kwarya ta fita da shi har bayan gida, ko ana ruwan sama.

An yi shekara bakwai kafin na faɗa masa. Da rana ne, bayan azahar. Yana tufka a zaure, ya ce in riƙe masa bakin igiya. Na riƙe. Ba kowa sai mu biyu.

Na ce, "Yaya, ba santsi ba ne. An hwaɗa mani kada in sauke shi da kaya. An hwaɗa mani kada in bar kowa a dama. Tun ranar da muka saye shi na sani."

Bai daina murza igiya a cinyarsa ba.

Na ce, "Mai ɗori kuma cewa ya yi in tsaya da kai Gusau. Ban tsaya ba."

"Na ji shi," in ji yayana. "Idona ne kawai a rufe."

"Ka ji?"

"Dut na ji."

"To mi ya hana ka magana da muka kai Gusau?"

Ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da murzawa.

"Kai ka ɗauko ni. Na ce ka san abin da kake yi."

Na so ya zage ni. Na so ya jefe ni da sandar. Ya ce in ja igiyar da kyau, ta yi sako-sako. Na ja. Da muka kai ƙarshe ya ƙulle bakin, ya ce, "Na yafe nawa. Amma ka shiga ka hwaɗa mata. Shekara bakwai tana cewa ruwanta ne."

Na shiga. Tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Na tsaya daga nesa na faɗa mata duka, yadda na faɗa masa. Ta ajiye rariyar tankaɗen. Ta daɗe tana kallon wurin da rumbu yake. Ta ce, "To, Malam. Na ji." Ta ɗauki rariyarta.

Yayana ya yi shekara goma sha tara a zauren nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni na yi masa wanka. 'Ya'yansa a hannuna suka yi aure, suna ce mini Baba. Babban ya san labarin, ni na gaya masa ranar da ya sayi babur nasa na farko, kafin in bar shi ya hau.

Yanzu ina Furfuri, a gidan, a ɗakin da ke jikin zaure. Idona ya yi rauni, na bar hawa. Matar yayana tana ciki wurin babban ɗanta, ta tsufa kamar ni. Kullum da safe nakan tsaya a bakin ƙofarta mu gaisa. Tana tambayata kwana, tana aiko mini da kunu. Har yau Malam take ce mini.